Ɗunɗun da Ya Tsallake Rijiya

An ce wai an yi wani alƙali a Rafin Kanya, ana kiransa Malam Zangina. Mutum ne mai sanyin magana da jinkirin hukunci. In rigimar ta gona ce ba ya yanke ta a zaure, yakan ce ƙasa ba ta da ƙafar zuwa gaban alƙali, sai alƙali ya je mata.

Mutanen garin suna da wata al'ada wajen rabon gona. Ba sa kafa iyaka da dutse, don dutse ana mirgina shi, ba sa kafa ta da turke, don turke ana tuge shi. Sai su nemi itacen ƙaya da ke tsiro a wurin, masu rabo su tsaya a gindinsa gaban dattawa, kowa ya dafa reshe, a ce wannan shi ne iyaka. Wanda kuwa ya sare itacen iyaka, bakinsa ya mutu a maganar wannan gona, ko da shi ke da gaskiya.

A zamanin akwai wani manomi mai suna Korau. Ba ya cin haƙƙin kowa, amma zuciyarsa a kusa take, kafin ka rufe baki ya hau. Ubansa ya bar masa gona a bakin fadama, a cikinta akwai rijiyar da ba ta ƙafewa ko rani ya kai inda ya kai. Da ita yake noman albasa, da albasar yake ci da iyalinsa. Yamma da shi gonar Barmo ce, ɗan wan ubansa, attajirin hatsi, mutumin kasuwa mai taushin baki wanda bai san zafin fartanya ba sai dai ya sa a yi masa. Lokacin da iyayensu suka raba gado, wani ɗunɗu suka dafa, ƙaramin itacen ƙaya ɗan dangin bagaruwa. Suka ce daga ɗunɗu zuwa yamma na wa ne, daga ɗunɗu zuwa gabas na ƙane. Rijiya tana gabas, ta faɗa rabon uban Korau.

Wata shekara fari ya yi tsanani, Korau ya kwashi matarsa Delu da 'ya'yansa suka tafi kudu cin rani. Kafin ya tashi ya je ya durƙusa gaban Barmo ya ce, "Yaya, ga gona ga rijiya, amana."

Barmo ya ce, "Haba ƙanena, abinka ai nawa ne. Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Ashe kura aka ba ajiyar nama. A can kudu kurkunu ya kama Korau ya kwantar da shi, ciwo ya bi ciwo, rani ɗaya ya zama shekaru. Sai wata bazara, bayan an yi ruwan farko, ya dawo gida a rame, ba shi da komai sai fartanya da begen rijiyarsa.

Ko ruwa bai tsaya sha ba ya nufi gona. Da ya isa sai ya ga an yi wa rijiya sabon baki, barorin Barmo suna ɗauraye kwanduna a gefenta. Ya waiwaya yamma inda ɗunɗun iyaka yake, babu shi babu alamarsa, sai tulin taki. Ya juya gabas, sai ga ɗunɗu tsaye ya yi fure, rijiya kuwa tana bayansa, ɓangaren Barmo. Korau ya tsaya yana kallo, sannan ya juya ya nufi gari.

Ya sami Barmo a ƙofar gida ana auna masa gero. Bai ko gaishe shi ba ya ce, "Yaya, yaushe itace ya fara tafiya?"

Barmo ya yi murmushi ya ce, "Maraba da ƙanena. Wane itace?"

"Ɗunɗun da ubana da ubanka suka dafa. Na bar shi yamma da rijiya, na dawo na same shi gabas."

"Ciwo ya taɓa ka, Korau. Ɗunɗu yana nan inda Allah ya tsirar da shi. Rijiya a gonata take tun fil'azal, aro babana ya ba babanka, ni kuma na ci gaba da yi maka kara. In ɗunɗun ne ya tsone maka ido, ai kana da gatari. Je ka sare shi mana, wa zai hana ka?"

Korau ya koma gida idonsa ya rufe. Ya zaro gatari daga bayan rumbu ya yi waje, sai Delu ta sha gabansa ta riƙe ƙotar da hannu biyu. Ta ce, "Maigida, ka taɓa ganin Yaya Barmo ya ba mutum shawara kyauta? In ya ce ka sare, to saran ne yake so. Ka kai maganar gaban alƙali."

Ya ce, "Sakar mini, Delu."

Ta ce, "Sai dai ka fara da hannuna."

Suka daɗe a haka, yana huci tana riƙe. Daga ƙarshe ya fizge gatarin, amma maimakon gona sai ya nufi zauren alƙali, gatari a kafaɗa.

Malam Zangina ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba ko sau ɗaya. Ya aika aka kira Barmo, aka kira dattijon da ya rage cikin waɗanda suka ga rabon, Baba Anaruwa. Wannan tsoho kuwa, tun shekarar fari, daga rumbun Barmo tukunyarsa ke tafasa. Alƙali ya ce, "Baba, me ka sani game da iyakar nan?"

Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta malam, ɗunɗu ne iyaka. Da idona na ga sun dafa shi."

"Rijiya fa, wane ɓangare take?"

"Allah ya gafarta malam, ido ya yi rauni, shekaru sun ja. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne ɗunɗu ne iyaka."

Kun ji irin shaidar da ta fi ƙarya muni. Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ya ɗauki gaskiya ya yanke mata ƙafafu ya ajiye. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tsohon nan kuwa ya yi askin har da gyaran fuska. Mutanen da suka cika zauren, da yawansu sun sha ruwan rijiyar nan daga gugan uban Korau, amma kowa ya sa ido a ƙasa, don kowa yana da ranar da zai je ƙofar Barmo da ƙwarya.

Korau ya miƙe tsaye. Ya rasa ta inda zai kama maganar, sai zuciya ta ba shi abin da ba shi ne ba. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, abin da ke tsaye a wurin ma ba ɗunɗu ba ne. Sarƙaƙiya ce ya samo ya dasa, ya sa mata suna."

Barmo ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "To madalla. In sarƙaƙiya ce na bar masa rijiya, in ɗunɗu ne ya bar mini."

Alƙali ya ce, "Ba ku za ku yanka wa kanku hukunci ba. Gobe da hantsi mu haɗu a gindin itacen."

Washegari gari ya fito kallo, Korau ma ya zo da gatarinsa a kafaɗa. Malam Zangina ya zo a ƙasa da sandarsa, ya kewaya itacen a hankali, ya ja reshe ɗaya ya kira Korau. Ya ce, "Matso, kai ne ka ce sarƙaƙiya ce. Ƙayar sarƙaƙiya yaya take?"

Korau ya ce, "Gajera ce, a lanƙwashe kamar farcen kyanwa, ta bi jikin reshe ko'ina."

"To dubi wannan. Doguwa ce, a miƙe, kuma ita kanta ɗan reshe ce da ya yi tsini, ga ganye ma ya fito a jikinta. Sarƙaƙiya takan hau wani itace ta naɗe shi, wannan kuwa da ƙafarsa yake tsaye. Furen sarƙaƙiya fari ne. Wannan fa?"

Korau ya dubi furen yana reto ƙasa kamar tuntun hula, rabin sama ja-ja mai haske, rabin ƙasa rawaya. 

Alƙali ya tsinko busassun 'ya'yan bara da suka rage a reshe, a murɗe, sun cukurkuɗe da juna. Ya ce, "'Ya'yan sarƙaƙiya a shimfiɗe suke, waɗannan kuwa a murɗe. Ko akuya ta san bambancinsu, balle manomi ɗan manomi. Mene ne wannan, Korau?"

Da ƙyar Korau ya ce, "Ɗunɗu ne."

"Ka san haka tun jiya?"

"Na sani."

Taro ya ɗauki guna-guni. Waɗanda jiya suka kasa buɗe baki su faɗi gaskiya, yau bakinsu ya buɗe wajen cewa ashe Korau maƙaryaci ne. Kunya da fushi suka haɗu suka rufe Korau. Ya tabbata rijiya ta tafi, kuma da bakinsa ya tura ta.

Alƙali ya juya. Ya bar itacen ya nufi yamma yana tafiya sannu, kansa a sunkuye, yana tona ƙasa da bakin sanda. Ya tsaya nan, ya tsaya can, ya wuce rijiya, ya je har kusa da tulin taki, sannan ya dawo. Ya dubi Barmo ya ce, "Kana da tsabtar gona. Na ga an sassare 'yan tsiron ƙaya a wurin nan."

Barmo ya ce, "Allah ya gafarta malam, awaki ne ke zubar da iri. Kowace shekara sai na sa an sare, kowace shekara sai sun ƙaru."

"Haka ɗunɗu yake. To faɗa mini, wannan da ke tsaye, shi ne wanda ubanka ya dafa?"

"Shi ne, ba wani ba."

Malam Zangina ya juya ga taro ya ɗaga murya kaɗan. Ya ce, "Jama'a, shaida ya ce ɗunɗu ne iyaka, kuma mun ga wannan ɗunɗu ne. Amma reshe iska ke kaɗa shi, yau ya karkata gabas, gobe yamma, ba a auna ƙasa da abin da ke kaɗawa. Iyayenku da suka zaɓi itace, don saiwarsa suka zaɓe shi, ita ce ba ta motsi. Saboda haka ga hukuncina. A tona gindin wannan ɗunɗu. Inda uwar saiwarsa ta nutsa ƙasa, nan ne iyaka, daga yau har abada, ba ƙara ba ɗaukaka. Barmo, ka yarda?"

Barmo ya dubi gindin itacen, ya dubi rijiya a bayansa, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Na yarda, Allah ya ƙara wa malam adalci. Jama'a ku shaida."

"Korau, ka yarda?"

Korau ya ce, "Allah ya gafarta malam, me ya rage da zan yarda ko in ƙi? An ci amanata, tsoho ya sayar da idonsa da gero, gari ya yi shiru, yanzu kuma shari'a za ta sa hatimi. Ku tona. Akwai ranar da za a tona mu duka."

Dogarin alƙali ya yunƙura zai tsawata masa, alƙali ya ɗaga hannu ya hana. Ya ce, "Na ɗauka ka yarda. Barmo, tunda kai ne mai amana, kai za ka tona da hannunka."

Aka miƙa wa Barmo fartanya. Ya naɗe babbar riga ya fara sara, ƙasa kuwa da laushi saboda ruwan da aka yi. Ya tona kewayen gindin, yana neman saiwar da ta nutsa, bai same ta ba. Sai 'yan ƙananan jijiyoyi, da wata saiwa guda mai kaurin yatsa da ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa ta nufi yamma. Ya ɗago ya ce, "Allah ya gafarta malam, ga ta nan."

Alƙali ya ce, "Wannan a kwance take, ba ta nutsa ba. Bi ta."

Barmo ya bi ta. Yana tonawa tana ƙara kauri, daga yatsa ta koma ƙotar lauje. Duk inda aka sare ɗan tsiro, sai a ga daga jikinta ya fito. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa rigar Barmo, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ƙayoyin da barorinsa suka sassare suka bari a ƙasa suka shiga sukarsa a ƙafa. Saiwa ta zo gefen rijiya, ta kewaye ta, ta wuce. Ba ka jin komai sai ƙarar fartanya.

Korau yana biye, bai san lokacin da gatari ya sauka daga kafaɗarsa ba. Yana kallon saiwar nan tana tafiya daidai inda ƙafarsa ta saba bi tun yana yaro in an aike shi ɗiban ruwa.

Da aka iso tulin taki Barmo ya yar da fartanya ya ce ya gaji. Alƙali ya ce, "Kai ka ce jama'a su shaida. Kwashe takin."

Ya kwashe. A ƙarƙashi sai ga kututture baƙi ƙirin, wuta ta ci kansa, sawun gatari a jikinsa. Kaurinsa ya kai cinyar mutum. Daga gare shi saiwoyi suka bazu ta ko'ina, uwarsu kuwa ta miƙe ta nutsa ƙasa. Alƙali ya sa sandarsa a kai ya ce, "Baba Anaruwa, matso. Ido ya yi rauni, amma hannu bai yi ba. Shafa ka ji."

Tsoho ya durƙusa ya shafa kututturen. Ya ce, "Nan ne. A nan suka tsaya, wan yana nan, ƙanen yana can." Sai ya rufe fuska da hannun riga.

Malam Zangina ya dubi Barmo, muryarsa ba ta tashi ba, amma ba wanda bai ji ta ba. Ya ce, "Ka sare itacen iyaka ka ƙone shi ka binne, kana zaton ya mutu. Da damina ta zo ka ga 'yan tsiro, ka ɗauka iri ne awaki suka zubar, ka zaɓi wanda ya tsallake rijiya ka rene shi, ka sa ana sare sauran. Da ka taɓa riƙe fartanya da ka san ɗunɗu ba ya mutuwa da sara. In an sare kansa, ta saiwa yake fitowa, kuma ɗan ba ya sakin uwarsa. Sauran da kake sarewa, su suka jera suka nuna mini hanya. Ƙanenka ya durƙusa ya ba ka amana yana cikin yunwa, ka jira ya kwanta ciwo ka ci. Ubanka na san shi, bai yi wannan hali ba."

Barmo ya buɗe baki zai yi magana, alƙali ya ce, "A'a. Al'adar garinku ce, ba tawa ba. Wanda ya sare itacen iyaka bakinsa ya mutu a maganar gonar. Rijiya ta Korau ce, da ƙasar da ke gabas da wannan kututture. Amfanin da ka ci a cikinta za ka mayar. Ƙayar da saranka ya haifar a gonar ƙanenka kuwa, kai za ka tone ta saiwa-saiwa, da hannunka, ba da na barori ba."

Fushin Korau bai huce ba tukuna. Ya matso ya ce, "Allah ya gafarta malam, shi ke nan? Ba bulala, ba ɗauri? A bar ni da shi, ni na san abin da ya dace da shi."

Alƙali ya sunkuya ya ɗauki gatarin da Korau ya yar, ya juya shi a hannu. Ya ce, "Wannan na wane ne?"

"Nawa ne."

"Me ka ɗauko shi ka yi?"

Korau ya ce, "In sare ɗunɗun."

"Wa ya ba ka shawara?"

"Yaya Barmo."

"Wa ya hana ka?"

Korau ya waiwaya ya hango Delu can bayan taro cikin mata. Ya ce, "Mai ɗakina."

Alƙali ya ce, "To ka ji. Gari guda ya ƙi yi maka shaida, tsoho ya ƙi, danginka suka ƙi. Shaida ɗaya tak Allah ya bar maka, wannan ɗan itace. Jiya ka ɗauko gatari za ka kashe shi, da aka hana ka sai ka zo gabana ka ƙaryata sunansa. Da ka sare shi, yau bakinka ne zai mutu, a kafa turke a gurbinsa, ba mai sake tona ƙasar nan har ka tsufa kana sayen ruwa a rijiyar ubanka. Barmo bai fi ƙarfinka da dukiya ba, da zuciyarka ya so ya kayar da kai, kuma saura kaɗan. Karɓi gatarinka, ka kai wa wadda ta riƙe shi."

Korau ya karɓa da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido. Ya ratsa taro ya je ya ajiye gatarin a gaban Delu. Daga nan ya wuce bakin rijiya, ya zura guga ya jawo, ya sha har ya ƙoshi, ruwan da bai sha ba tun da ya dawo. Sauran da ya rage a gugan ya ɗauka ya je ya zuba a gindin ɗan ɗunɗun, ya mayar masa da ƙasar da aka tone.

An ce Barmo ya ƙare daminar nan a sunkuye cikin gonar ƙanensa, yana tonon saiwa, mutanen da suka saba zuwa ƙofarsa da ƙwarya suna wucewa suna yi masa sannu da aiki. Tun daga ranar, in rigimar iyaka ta tashi a Rafin Kanya, dattawa sukan ce: maci amana yana sare reshe ne, saiwa tana nan tana jiran mai tono, mai gaskiya kuwa ya kiyayi zuciyarsa, kada ya sare shaidarsa da gatarinsa.